Tsakanin Gungu Biyu

Jiya da dare ɗiyata Hassi ta buɗe littafin makaranta
a hasken tocila, tana bin layi da yatsa.
Ta ce, "Baba, wai akwai ƙasashe can tsakiyar teku,
ƙanana, kamar an yayyafa gero a faifai.
Wata gidajenta na gogayya da gajimare,
wata kuwa ko ruwan sha sai jirgi ya kawo.
Malam ya ce mu rubuta dalili."

Na yi dariya har na ƙware da tuwo.
Shekara talatin da ɗaya ina tuƙa tambayar nan
da filafili, ban san ta jarrabawa ce ba.

Ga Gungun Maƙera, ga Gungun Ɗorawa,
Kwara ɗaya ke wanke musu ƙafa.
In zakara ya yi cara a wancan
matan wannan kan tashi hura wuta.
Tsofaffi sun ce wa da ƙane ne
suka raba taru, kowa ya zaɓi tudu.

A Maƙera, da magariba, fitilun sola
kan yi walƙiya kamar haƙorin Makka.
Akwai famfo, akwai ɗakin magani mai firji,
injin casar shinkafa na tari tun asuba.
Albasarsu kan isa Yelwa kafin dillalai su karya kumallo.

Ɗorawa kuwa sai ka zaga ta bayan duwatsu
inda dorina ke kwana da ɗanta.
Mai jirgin inji na tsoron farfela,
sai irina, mai kwale-kwale da addu'a.
Albasarsu ta fi girma, ni shaida ne, kafaɗata ta sani,
amma kwana uku tana jiran jirgi a bakin gaɓa
kan sa ta kuka tun ba a yanka ta ba.

Daren da Ige matar Nomau ta fara naƙuda
damina ta cika kogi har wuya.
Muna hangen fitilar asibitin Maƙera
kamar in miƙa hannu in tsinko ta.
In na ci zira'i goma, ruwa ya karɓe tara.
Ta haihu kan buhun gawayi a cikin jirgina,
uwar mijinta ta yanke cibi da wuƙar gyaran kifi,
ni kuwa na juya baya ina kwalfar ruwa da ƙwarya.
Yaron ya rayu. Na-Tsaka ake ce masa.
Har yau in an tambaye shi garinsu, ruwa yake nunawa.

Na ji masu cewa lalaci ne.
Su zo su shafa tafin hannun Nomau.
Na ji masu cewa rabo ne. To.
Ni dai na tuna wata Talata
da na ɗauko mai safiyo, da takalminsa a hannu.
Ya ci gasasshen giwan ruwa a Maƙera,
rana ta take, barci ya fara lallashinsa.
Ya sa hannu a goshi ya hango Ɗorawa,
ya ce, "Can ma akwai mutane?"
Kafin in amsa ya naɗe takardarsa.
Ni na mai da shi Yelwa. Har tukuici ya ba ni, na karɓa.

Hassi ta ce, "To me zan rubuta?"
Na yi shiru. Ta cije murfin biro,
ta rubuta "nisa da kasuwa", don shi Malam ya koyar.

Na fita duba inda jirgi ke yoyo.
Gobe da sassafe ina da kaya:
wayoyin Ɗorawa ashirin da bakwai a kwando,
kowace da sunan mai ita a manne a baya.
Zan kai su Maƙera su sha wuta,
in dawo da su kafin la'asar,
in ruwa ya yarda.